A daina kashe mana hotunan tarihi da sikirinshot

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe ina gaisuwa, da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya. Ni mai karanta jaridar nan ne tun ba yau ba, kuma shafin da kuke kawo tsofaffin hotuna yana cikin wuraren da nake fara leƙawa, shi ya sa naga gara in rubuto muku kai tsaye maimakon in yi ta mita a guruf inda ba mai saurarena. Maganata a kan hotunan ce su kansu. Wallahi yawancin hotunan tarihin da ke yawo yanzu a Facebook da WhatsApp, har da wasu da ku 'yan jarida kuke ɗauka ku buga, sun gama lalacewa tun kafin su iso gare mu. Za ka ga an rubuta wai Sardauna ne da sarakunan Arewa a Kaduna, ka danna hoton ka buɗa shi da yatsu biyu don ka ga su waye a layin baya, sai ka tarar babu fuska ko ɗaya, wasu 'yan murabba'ai ne kawai baƙi da toka-toka a jere, rawani da gemu da bango duk sun cakuɗe, amma a ƙasa mutum dubu sun rubuta Allah ya jiƙan maza, an yi ta turawa, kowa ya ɗauka ya taimaka wajen adana tarihi. To dan Allah me aka adana?

Abun da mutane ba sa lura da shi, darajar tsohon hoto ba a fuskar babban mutumin da ke tsakiya take ba. Fuskar Sardauna ai kowa ya santa, tana jikin Naira 200, ta Tafawa Ɓalewa tana jikin Naira 5, ko yaro ka nuna wa zai gane. Abun da ba mu sani ba shi ne waye wancan da ke tsaye a bayansa riƙe da jaka, wane aiki ne a gaban rigar wancan dattijon, aska takwas ce ko aska biyu, me aka rubuta a allon da ke rataye a bango, lambar motar da ke gefe ta ina ce. Ɗauki hoton dalar gyaɗa ta Kano, wanda duk shekara sai an dawo da shi ana ta kukan tattalin arziki. In hoton mai kyau ne za ka ga lebura da buhu a ka yana hawa, ka ga yadda aka saƙa buhunan layi bisa layi, wani lokacin har alamar da aka buga a jikin buhu za ka iya karantawa. Wanda ke yawo a wayoyinmu kuwa wasu duwatsu ne masu tsini kawai, in ba an gaya maka ba ma ba za ka ce buhuna ba ne. Haka hotunan hawan daba da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, masarautu daga ko'ina a Arewa suka kawo dawakai, akwai 'yan lifidi akwai 'yan sulke, ga masu kakaki da algaita, kowace tawaga da irin adonta. Mai nazarin kayan doki ko mai neman kakansa a cikin mahayan nan, ƙananan abubuwan nan yake buƙata, kuma su ne farkon abun da ke bajewa da zarar an matse hoto.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abun yake, don na lura har wasu masu ilimi suna ɗauka hoto hoto ne kawai, in dai ya fito a fuskar waya shikenan. Duk hoton da ke cikin waya ko kwamfuta ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel, yawansu shi ne yawan bayanin da hoton ke ɗauke da shi. Lokacin da za a yi sikanin, na'urar tana tambaya ɗigo nawa za ta ɗauka a kowane inci na takardar, shi ne lambar nan ta dpi da ake gani, 150 ko 300 ko 600 ko 1200. Hoto mai girman inci 4 da inci 6, irin wanda aka fi wankewa a situdiyo, in aka ɗauke shi a 300 zai ba da fiksel 1,200 a tsaye 1,800 a kwance. In aka ɗauke shi a 600 ya zama 2,400 da 3,600, wato ninki huɗu kenan na bayani, ba ninki biyu ba, don ta tsawo da ta faɗi duk an ninka.

Yanzu kawo hoton taro, misali hoton 'yan aji irin na tsohuwar Kwalejin Katsina inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ɗalibai layi uku ko huɗu da malamai a zaune a gaba. A irin wannan hoton fuskar mutum ɗaya faɗinta ba ya wuce rubu'in inci a jikin takarda. A 600 fuskar nan za ta samu ɗigo 150 a faɗi, za ka ga ido, ka ga hanci, in yana da bille ka gan shi. A 150 kuwa ɗigo talatin da 'yan kai kawai za ta samu. In kuma wani ya buɗe hoton a ƙaramar waya mai faɗin fiksel 720 ya yi masa sikirinshot, fuskar ta koma ɗigo 30, daga nan ko 'ya'yan cikinsa aka kira ba za su iya rantsewa cewa shi ne ba. Kuma abun da ya tafi ya tafi, ba wata manhaja da za ta dawo da shi, zan zo kan wannan.

Sai kuma abun da manhajojin ke yi mana ba tare da sun tambaye mu ba. WhatsApp in ka tura hoto ta hanyar da aka saba yana rage shi ne ya dawo wajen fiksel 1,600 a ɓangaren da ya fi tsawo, sannan ya matse shi, fayil mai megabait da yawa ya dawo ko rabin megabait bai kai ba. A 2023 sun ƙara maɓallin HD, ya fi dama-dama amma shi ma yana matsewa. Facebook yana rage babban hoto zuwa 2,048, Instagram kuwa ya saba da faɗin 1,080. Ban ga laifinsu ba, su hoton biki da na abinci suka yi wa tanadi, mutane biliyoyi na turawa kullum dole su rage nauyi. Matsalar ita ce nau'in fayil ɗin JPEG, wanda kusan duk hotunan da muke turawa shi ne, yadda aka ƙirƙiro shi tun 1992 shi ne ya yanka hoton gida-gida, kowane gida ɗigo 8 sau 8, ya zubar da bayanin da yake ganin ido ba zai lura ba. Sau ɗaya ba komai, ido ba zai gane ba ɗin da gaske. Amma wani ya sauke daga Facebook ya yanke gefe ya sa a istatus, wani ya yi sikirinshot na istatus ɗin ya rubuta sunan shafinsa a kai ya mayar Facebook, wani ya sake saukewa, kowane zagaye ana sake ragewa ana sake zubarwa. Kamar shayin da kowa ya karɓi kofin sai ya kurɓa ya cika da ruwa ya miƙa wa na gaba, na ƙarshe ruwan zafi zai sha amma ana ce masa shayi ne. Waɗannan murabba'an da kuke gani kewaye da rawani da gefen rubutu in kun buɗa hoto, tabon matsewar kenan.

Tun daga wajen sikanin ɗin ma ake fara ɓarnar. Gwaggona tana da hoton mahaifinta guda ɗaya tal, yana sanye da kakin ma'aikatan jirgin ƙasa, hoton ya yi ruwan ƙasa-ƙasa saboda tsufa, gefensa mai tsaga-tsaga irin yankan situdiyon da. Jikokinta da ke nesa suka matsa sai an turo musu, ta kai wani shagon kwamfuta a bakin titi. Yaron shagon ya ce kawo Hajiya yanzun nan, ya kifa hoton a kan injin fotokwafi, gilashin duk shatin yatsu da ƙurar hunturu, bai ko goge ba, injin na kan saitin da yake sikanin ɗin takardun makaranta da shi, baƙi da fari zalla, ya danna, ya fitar mata a PDF. Fuskar tsohon ta fito fari fat ba inuwa ko kaɗan, ido biyu da baki kawai, bajon da ke jikin hularsa ya zama baƙin ɗigo. Ta ce ɗan nan ai wannan bai yi kama da shi ba, ya ce Hajiya hoton ne ya tsufa. Sannan don ya kyauta mata wai kar ya ƙara lalacewa sai ya ba ta shawarar a yi masa laminetin, ta yarda, aka cusa hoton da ya haura shekara sittin cikin injin zafi. Yanzu ledar ta manne da fuskar hoton har abada, ba mai iya ɓare ta ba tare da ya ɗaye hoton ba, kuma duk sikanin ɗin da za a sake yi sai ƙyallin leda ya shiga. Yaron ba mugunta ya yi ba, abun da ya iya kenan, ba wanda ya taɓa gaya masa takardar shaidar haihuwa daban hoto daban. Irin wannan na faruwa kullum a garuruwanmu.

Alhali gyaran ba wuya. A goge gilashi. A zaɓi saitin hoto ba na takarda ba. A sa 600 ga hoto madaidaici, ƙarami irin fasfo kuma a kai 1200, don fasfo mai milimita 35 da 45 in ka ɗauke shi a 300 fiksel 413 da 531 kawai za ka samu, ko rabin fuskar waya bai cika ba. Ko hoton baƙi da fari ne a ɗauke shi da kala, saboda launin tsufan nan da jan hatimin situdiyo da shuɗin biron da aka yi rubutu da shi duk shaida ne. A kashe duk wani gyaran kai-tsaye da injin ke yi, na ƙara haske da na kaifafawa da na goge tabo. A bar gefen takardar ya fito, kar a yanke. Sannan a ajiye a nau'in fayil ɗin TIFF, wanda ba ya zubar da komai. Eh yana da nauyi, wancan hoton na inci 4 da 6 a 600 zai kai wajen megabait 26, to amma sau ɗaya za a yi, kuma bidiyon barkwancin da muke saukewa kullum ya fi haka nauyi. In mai shagon bai san TIFF ba, PNG ma ya yi, in ba hali a yi JPEG ɗin amma a kai kwalitin ƙarshe.

Wani abu kuma da ya shafi masu tsara shafi a gidajen jarida da masu buga kalanda da fosta, a daina yaudarar kai da canza lamba. Mutum ya sauke hoto mai faɗin fiksel 600 daga intanet, ya buɗe a kwamfuta ya goge 72 ya rubuta 300 a gurbin dpi, wai ya mayar da shi mai kwaliti. Ba abun da ya ƙaru, ko dai hoton ya tsuke ya dawo inci 2 a takarda, ko kwamfutar ta ƙirƙiro ɗigon ƙarya ta cike gurbi ya fito dishi-dishi. Yawan fiksel na asali shi ne magana.

To yanzu ga babbar musibar da ta sa ni zaman rubutun nan, wato manhajojin AI masu "gyara" tsohon hoto. Mutum zai ɗauko wancan hoton da ya riga ya mutu, ya sa a manhaja, cikin daƙiƙa biyar ta fito masa da fuska garau, fata sumul, ido na ƙyalli, haƙora farare tas, ya sa a Facebook ya rubuta Alhamdulillah mun dawo da hoton Sarki wane. Malam ba ka dawo da komai ba. Manhajar ba ta san Sarkin ba, ba ta taɓa ganinsa ba, fuskokin mutane masu ɗimbin yawa aka horar da ita da su, sai ta duba 'yan ɗigon da ka ba ta ta zana fuskar da take ganin ta fi dacewa da su. Zato ne kawai. A 2020 an yi ta surutu a kan wata irin wannan fasahar da masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka fitar, wani ya ba ta hoton Barack Obama da aka dusashe, ta fito da fuskar wani Bature. Obama fa, wanda hotunansa suka cika duniya. To ina ga wani hakimi da aka ɗauka a 1930 da wani abu?

Mu abun ya fi yi mana illa ma, saboda abubuwan da manhajar ke ɗauka datti ne ta goge, su ne shaidar asalin mutum a wajenmu. Zanen Gobirawa, na Kabawa, na Barebari, bille, duk tana ganinsu a matsayin ƙarcewar takarda sai ta share, ta bar maka kumatu sumul. Amawali ta mayar da shi gemu ko gemu ta mayar da shi amawali. Kunnuwan rawani da ke nuna ɗan sarauta ta narkar da su cikin bango. Aikin allurar da ke gaban babbar riga ta cakuɗa shi ya zama wani zanen da ba maɗinkin da ya taɓa yin irinsa. Masu sa kala kuma nasu ya fi ban haushi, dogarin Kano da kowa ya san rigarsa ja da kore ce sai ka gan shi cikin ruwan ƙasa ko ruwan toka, rawani ɗan Kura da aka rina da baba aka buga har yana sheƙi, sheƙin nan a hoton baƙi da fari haske yake fitowa, sai manhajar ta ɗauka farin yadi ne ta bar shi fari-fari. Nan da shekara ashirin yaron da zai yi bincike wannan zai tarar a intanet, don shi ya fi yawo, shi ya fi kyau a ido, na asalin kuwa yana can a akwatin wani gara na ci. Ban ce kar kowa ya yi wasa da manhaja ba, wanda ke son ya ga kakarsa da kala ya rataya a ɗakinsa ya yi abunsa. Amma in za a sa a bainar jama'a a rubuta ɓaro-ɓaro cewa an taɓa shi da AI, kuma a sa na asalin a gefe. Jarida kuwa a ganina bai kamata ta buga irin wannan a matsayin hoton tarihi ba sam.

Kuma dusashewar hoto ita ke ba ƙarya wurin zama. An ce gani ya kori ji, to in ganin ma ba a gani fa? Hoto in ya yi dishi-dishi kowane suna ka liƙa masa sai ya zauna. Shekara da shekaru ana yawo da hoton wani dattijo mai rawani wai Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, har a jikin fosta da bangon littattafai. Shehu ya rasu a 1817, ita kuwa fasahar ɗaukar hoto sai a 1839 aka bayyana ta ga duniya a Faransa, shekara 22 bayan rasuwarsa. Ko wanene a hoton nan bawan Allah ne daban, an raba shi da sunansa an ba shi na wani. Da hoton na yawo da cikakken girmansa, da gefensa da rubutun da ke ƙasa, da tuni an san ko waye.

Shi ya sa nake cewa bayan hoto ma a yi masa sikanin. Sau da yawa a nan labarin yake, hatimin situdiyo da sunan gari, kwanan wata, wani lokacin rubutun ajami na mai hoton da hannunsa, wane da wane ranar kaza. Facebook da WhatsApp suna cire bayanan da ke ɓoye cikin fayil in ka ɗora hoto, saboda haka duk abun da ka sani ka rubuta shi a fili tare da hoton, waye, ina, yaushe, a hannun wa na asalin yake. Abun da ba a tabbatar ba a ce ana zato.

Abun da ke ba ni takaici, masu kyan suna nan fa, ba wai babu ba. Gidan adana takardun tarihi na Ingila ya ɗora dubban hotunan tsohon ofishin mulkin mallaka a intanet a 2011, cikinsu akwai na Najeriya. Hotunan E. H. Duckworth, wanda ya daɗe yana editan mujallar Nigeria zamanin Turawa, suna Jami'ar Northwestern a Amurka kuma an ɗora su. Gidan tarihin Smithsonian na da tarin hotunan Eliot Elisofon wanda ya zagaya Afirka da kyamara har da Najeriya. Da yawan hotunan da ke yawo a gurufanmu daga irin waɗannan wuraren aka fara kwaso su, amma maimakon a sauke babban a sa adireshin inda aka samo, sai a yi sikirinshot na ƙaramin da ke fuskar shafi a wuce. Babban ɗakin karatu na Birtaniya ma yana da shirin ceto takardun da ke cikin haɗari tun 2004, sun ɗauki nauyin ayyuka a Arewacin Najeriya, kuma sharaɗinsu a fili yake, TIFF ne kuma kar ya gaza 300. Wato ma'aunin sananne ne, ba sai mun ƙirƙiro ba. A gida kuma muna da Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar bincike tun 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ga gidan adana takardun tarihi na ƙasa shi ma a Kaduna, ga Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, ga cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Roƙona gare su da gwamnatocin da ke riƙe da su, a sa kuɗi a ɗauki hotunan da ke hannunsu da kyau a ɗora inda kowa zai samu da cikakken bayani. In na gaskiya na kusa, na jabu ba zai yi kasuwa ba.

Na san abun da wasu za su ce, Malam data fa, wa zai sauke megabait 26 don hoto ɗaya a wannan tsadar. Gaskiya ne, kuma ban ce a tura TIFF a guruf ɗin 'yan uwa ba. Kwafi biyu ake yi. Uwar, wato babban fayil ɗin, tana ajiye, a kwamfuta da filashi da kuma imel ko Google Drive, wuri fiye da ɗaya dai don waya na faɗawa ruwa kuma ana sace ta. Daga uwar sai a cire ƙaramin JPEG mai faɗin 2,000 a sa a Facebook, kowa ya gani ba tare da datarsa ta ƙone ba, a rubuta cewa mai son babban ya yi magana. Wanda ya nema a tura masa ta WhatsApp ɗin ma, amma a matsayin dokumen, ta nan ba ya taɓa fayil ɗin, yadda ka tura haka zai isa. Wanda kuma hoton nasu ne na gado kuma iyali sun yarda, akwai Wikimedia Commons da Internet Archive da ke ajiye fayil da cikakken girmansa kyauta, matasanmu masu rubuta Wikipedia ta Hausa sun san hanya, a neme su.

Masu shafukan tarihi kuma dan girman Allah a rage manna suna a tsakiyar hoto. Ka rubuta sunan shafinka da manyan haruffa a ƙirjin Sarkin Katsina Dikko, kai ka ɗauka? In dole ne a sa a ƙasa, a wajen hoton.

Wanda ba shi da sikana kusa, wayar hannunsa ma ta isa in ya bi a hankali, kyamara mai megafiksel 12 tana ba da 4,000 da 3,000, ta fi sikanin ɗin shago na 150 nesa ba kusa ba. A fitar da hoton daga firem in bai manne da gilashi ba, in ya manne a bar shi kar a ja. A shimfiɗa shi a inuwa kusa da ƙofa da safe, ba cikin rana ba kuma ba filasha, a goge idon kyamara, a riƙe wayar daidai saman hoton kar ta karkace, a matso da hannu maimakon zumin. Kuma a guji manhajojin sikanin ɗin takardu, tacewar da suke yi don rubutu ya fito baƙi ƙirin ita ke ƙone fuska. Hoton da aka yanko daga tsohuwar jarida, irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939, shi dama ɗigon tawada ne, ko a nawa ka ɗauka ba zai wuce abun da injin buga jarida ya sa ba, amma duk da haka a ɗauki shafin gaba ɗaya da kwanan watansa, kar a yanko hoton shi kaɗai.

Ku kuma ranka ya daɗe abun da nake nema a wajenku kaɗan ne. Duk tsohon hoton da za ku buga ku rubuta inda kuka samo shi. In ƙaramin kwafi kawai kuka samu ku buga shi ƙarami, kar a ja shi ya cika rabin shafi. A shafinku na intanet ku bari in an danna hoto babban ya buɗe. Sannan ku ba da imel da masu karatu za su riƙa turo hotunan gidajensu, ku gaya musu gaba da baya ake so kuma a turo a fayil.

Akwai kuma wata taska da ban ji ana maganarta ba, dodon hoto, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa. Tsofaffin masu situdiyo na Sabon Gari da sauran unguwanni, waɗanda suka yi ta ɗaukar naɗin sarauta da saukar karatu da tafiya Hajji da gangamin siyasa tun kafin zuwan kyamarar dijital, da yawansu sun ajiye dodon hotunan a kwalaye, yanzu sun tsufa ko sun rasu, 'ya'yansu sun koma wata sana'ar, in za a gyara shago sai a kwashe a zubar ko a ƙone don ba a ga amfaninsu ba. Alhali dodon ya fi hoton da aka wanke daga jikinsa ɗauke da bayani. Sai dai shi ƙarami ne, na fim mai milimita 35 girmansa milimita 24 da 36 ne kacal, saboda haka sikana ta musamman yake so mai haska shi ta baya, a 2400 zuwa sama, wanda zai ba da wajen fiksel 2,270 da 3,400. Irin wannan na'urar ba ta fi ƙarfin gidan jarida ko sashen tarihi na jami'a ba. Ku tura wakilanku na Kano da Zariya da Jos da Katsina su bi tsofaffin situdiyon nan su tambaya wa ke da kwalaye a ajiye, kafin damina ta gaba ta shiga ɗakin da suke.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Mai karatu daga Zariya